Akuya Ba Kwandon Shara Ba Ce

Na gaji da jin ana cewa, "Ai akuya ba ta da wuyar kiwo, duk abin da ta samu ci take yi." Da wannan magana ake buɗe wa awaki ƙofa tun da safe, su yini a bola da bakin kwata, da magariba su dawo ciki ya yi tim, mai su yana murna wai sun ƙoshi.

Je ka tambayi mahauci abin da yake tararwa idan ya farke tumbin irin waɗannan awaki. Leda ce a dunƙule, ta cuɗe da tsumma da igiya. Tumbi ba ya narkar da leda, ita kuma ba ta wucewa. Sai ta tare wurin abinci, ciki yana girma akuya tana ramewa, nono ya ƙafe, ƙarshe a ce kambun baka ne. Wane kambun baka? Ledar ƙosan da ka yar a tsakar gida ce.

Akuya ma dabba ce mai zaɓen abinci. Ta fi son ta miƙe ta tsinki ganyen magarya a kan ta sunkuya ta ci ciyawa, kuma harawar da ta tattake ko ta yi wa fitsari ba za ta koma mata ba. Yunwa da rashin gishiri ne suke kai ta bola.

Wahalar kiwo tana nan daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da daji ya bushe, harawa ta yi tsada. Saboda haka tun kaka ake tanadi: harawar wake da ta gyaɗa, kowa, karmami, dusa. A adana su a inuwa, domin wadda ta daɗe a kan rufi rana na dukanta ta rasa rabin daɗinta. Wajen ba awaki, a rataye harawa ko a sa a kwando, kada a zube a ƙasa. Mai gawo a gonarsa ya tsince 'ya'yansa, ga shi itace ne da ke fid da ganye da rani. A ajiye musu kanwa ko gishiri, da ruwa mai tsabta kullum.

Hatsi da ragowar tuwo kuwa kaɗan-kaɗan ake bayarwa. Idan suka yi yawa lokaci guda ciki ya kumbura, akuya ta mutu kafin wayewar gari. Haka ɗanyen ganyen rogo da gyauron dawa, suna da guba. Akuya mai ciki kwana 150 take yi, kuma makonni 6 na ƙarshe ne ta fi bukatar ƙarin dusa. Tsutsar ciki ma tana ramar da awaki, wannan aikin malamin dabbobi ne.

Idan harawarka ta awaki 5 ce, don Allah kada ka riƙe 15. Sayar da wasu tun suna da ƙiba, ka ciyar da sauran a turke.