Haikalin Kailasa: Ginin da Aka Fara Daga Sama

A Ellora, kimanin kilomita 30 daga birnin Aurangabad a jihar Maharashtra ta Indiya, akwai kogwanni 34 da mabiya addinan Buddha da Hindu da Jain suka sassaƙa a jikin dutse, kuma na 16 daga cikinsu, wato Haikalin Kailasa, shi ne ya fi ɗaure wa masana gine-gine kai. Ana danganta shi da Sarki Krishna na Ɗaya na daular Rashtrakuta a ƙarni na 8, kuma ba a ɗora dutse kan dutse wajen yin sa ba. Masassaƙa sun yanka manyan ramuka a gefen tsauni, suka ware dunƙulen fa guda, sannan suka bi shi da guduma da kurfi daga ƙololuwa zuwa tushe, ta yadda kuskure ɗaya ba shi da gyara.

A tsakiyar haikalin akwai garbhagriha, ƙaramin ɗaki mai duhu inda aka kafa linga, alamar Shiva, abin bautar Hindu, yayin da rumfar bijiminsa Nandi take fuskantar ƙofar. Jerin giwaye a gindin ginin suna nan kamar su ne suke ɗauke da shi, amma sassaƙar da ta fi nuna ƙwarewa ita ce ta Ravana, sarkin Lanka mai hannuwa da yawa, yana girgiza tsaunin Kailasa, mazaunin Shiva, Parvati matar Shiva ta raɓe a jikin mijinta cikin firgici, shi kuwa ya danne tsaunin da ƙafarsa. Hukumar UNESCO ta sanya Ellora cikin wuraren tarihi na duniya a 1983.