Daga Fezzan zuwa Abuja: Yadda matse bidiyo ke kare hujja ko ya salwantar da ita

Unguwar Fezzan da ke tsohon garin Maiduguri ta samo sunanta ne daga yankin Fezzan na kudancin Libya, inda fatake suka riƙa ratso Sahara zuwa Borno. Kamar yadda bafatake ke auna kaya kafin ya ɗora wa raƙumi, haka mai tace bidiyo a unguwar yake auna nauyin aikinsa kafin ya tura wa ofis a Abuja.

Abubuwa uku ne ke ja-in-ja: kyawun hoto, girman fayil da lokacin fitar da shi daga kwamfuta. Tsarin H.264, wanda aka amince da shi a 2003, yana buɗewa a kusan kowace waya, kuma yana fita da wuri. Bidiyon minti 10 mai megabit 8 a daƙiƙa yana cin kimanin megabait 600. H.265 na 2013 kan rage nauyin da kusan rabi ba tare da hoto ya lalace ba, sai dai tsohuwar kwamfuta na jan ƙafa da shi. AV1 na 2018 ya fi su matsewa, ya kuma fi cin lokaci. ProRes na kamfanin Apple kuwa na ajiya ne, domin minti 10 na iya haura gigabait 15.

A Maiduguri, lokaci man janareta ne. Birnin ya daɗe cikin duhu bayan lalata turakun lantarki na layin Damaturu a Janairun 2021, kafin a ƙaddamar da tashar gas mai megawat 50 a Maris 2023.

Matsalar takan ɓullo ne idan hadimi ya ce a turo ta WhatsApp nan take. Manhajar tana sake matse bidiyon, sai rubutun allon kwangila ko lambar motar kayan agaji su dusashe. Bayan ambaliyar madatsar Alau ta Satumba 2024, irin waɗannan ƙananan bayanai ne ke nuna abin da ya isa hannun jama'a.

Mafita ita ce a nemi kwafi biyu tun farko: mara nauyi na H.264, a aiko shi a matsayin takarda domin WhatsApp kan bar fayil har gigabait 2 yadda yake, sannan na asali a adana shi saboda ranar da masu binciken kuɗi za su tambaya. Abin da matsewa ta zubar ba ya dawowa.