Ƙidayar Haɗurra a Titunan Arewacin Kaduna

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kawo bayan sallar la'asar, sa'ad da motocin Zariya da Kano ke kwararowa cikin gari, Keke Napep na kutsawa tsakaninsu, almajirai da masu talla kuma na neman kafar tsallakawa, ya san haɗari yana da wuraren da ya saba sauka da lokutan da ya fi yawaita. Abin da ido ke gani a warwatse shi ilmin ƙididdiga ke tarawa: a rubuta inda abin ya auku, da ƙarfe nawa, da irin abin hawan, da ko wanda ya jikkata a ƙasa yake tafiya, sa'an nan a ɗiga kowane a kan taswira, har ɗigon ya yi cincirindo a wata mahaɗa, injiniya ya gane cewa ita kanta hanyar tana da aibi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana tara irin waɗannan alƙaluma. Maganin da suke nunawa galibi ƙarami ne: danja, ko tudun rage gudu, ko matsaya a tsakiyar titi. Gudu shi ne ummul haba'isi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mai tafiya a ƙasa da mota ta buge tana gudun kilomita 65 a sa'a ya fi fuskantar mutuwa sau huɗu da rabi a kan wanda aka buge da gudun kilomita 50. Saboda haka sabuwar gadar Kawo da faffaɗan titunan da aka yi, ko da yake sun sauƙaƙa cunkoso, sun ƙara wajabta ƙidaya, tun da faɗin hanya yana kwaɗaita wa direba taka mota.

Amma akwai giɓin da ke damuna ƙwarai. A al'adarmu, idan mota ta kashe mutum, sau da yawa a ranar ake yi masa sutura, dangi su ce ƙaddara ce, su yafe wa direba, ba a rubuta kome ba. Yafiyar abin yabo ce, malamai kuwa sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Da mai unguwa da limamin da ya sallaci gawa za su riƙa kai wa hukuma wuri da lokaci kawai, a gwama da rajistar Asibitin Barau Dikko, da taswirar ta nuna mahaɗun Unguwar Sarki da Malali da Unguwar Dosa kamar yadda mazaunansu suka san su.