Kukan Jariri da Kwanon Maijego

Da zarar jariri ya fara kukan nan na bayan magariba, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya dunƙule hannu, nono ya ƙi, goyo ya ƙi, tambayar farko a gidan Bahaushe ɗaya ce: "Ke, me kika ci yau?" In ta ce wake, a ce ai shi ne. Gobe a hana ta ƙwai, jibi kabeji da lemo, kafin arba'in kwanon maijego ya koma tuwo da miya tsura. Da kyakkyawar niyya ake wannan hani, amma yawancinsa cutar da uwa yake yi, bai kuma rage wa yaron kuka ba.

Likitoci sun daɗe da sanin irin wannan kukan. A 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya yi masa ma'auni: jariri lafiyayye, mai ƙaruwa, ya yi kuka fiye da awa uku a rana, fiye da kwana uku a mako, har tsawon mako uku. Kusan ɗaya cikin jarirai biyar kan yi shi, masu shan nonon uwa da masu shan madarar gwangwani duka. Yakan tsananta wajen mako shida, ya lafa da kansa a wata na uku zuwa na huɗu. Saboda haka duk abin da aka hana uwa, ko aka ɗura wa yaro, a daidai lokacin da kukan zai lafa, shi ke samun yabo.

Zargin wake ba shi da ƙwaƙƙwaran tushe. Iskar da wake ke sa wa babba a hanjinsa take haɗuwa, idan ƙwayoyin bakteriya suka dira wa abin da ciki bai narkar ba. Nono kuwa daga jini jiki ke haɗa shi, kumburin hanjin uwa ba shi da hanyar ratsawa can. Cikin abin da ke ratsawa akwai ƙamshi da ɗanɗano, jarirai kuma ba sa ƙinsu. A 1991 wata mai bincike, Julie Mennella, ta gwada hakan a Filadelfiya, ta ga iyayen da aka ba tafarnuwa jariransu sun fi daɗewa a kan nono.

Inda zargin ke da ƙamshin gaskiya shi ne nonon shanu, abin da mu ba mu cika kawo shi a lissafi ba. Ɗan kaɗan daga furotin ɗinsa yana shiga nonon uwa, wasu jarirai kuma jikinsu ba ya jituwa da shi. Masu bincike Jakobsson da Lindberg ne suka nuna haka a Suwidin tun 1978. A 2005 David Hill da abokan aikinsa a Melbon ta Ostireliya suka raba masu shayarwa gida biyu: ɓangare ɗaya ya bar madara, ƙwai, gyaɗa da danginta, alkama, waken soya da kifi na mako guda, ɗayan ya ci gaba da ci. Kuka ya ragu da aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu ga jarirai 74 cikin ɗari a ɓangaren farko, 37 cikin ɗari a na biyu. Sai dai da aka tambayi iyayen yadda suka ga canjin, amsoshin ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2018 ma cewa ta yi hujjojin canza abinci ba su da ƙarfin da za a ɗora kowace uwa a kansu.

Don haka a ganina gwaji ɗaya ne ya cancanci wahala, musamman idan kukan ya haɗu da ƙuraje, yawan tumbuɗi ko kashi mai majina. Da shawarar likita, uwa ta ajiye fura da nono, kindirmo, madarar shayi da yogot na mako biyu, ta bar sauran abincinta yadda yake. In kuka ya sauka, ta sake sha ta gani ko zai dawo. In babu canji, ta koma wa furarta. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kalori kusan 500 a rana. A gidan da kunun gyaɗa da wake ne ke riƙe da ita, hana ta su ba ƙaramin abu ba ne.

Goro, kofi da shayi mai kauri su ma a rage, domin jikin sabon jariri kan ɗauki kwanaki kafin ya fitar da sinadarin da ke hana barci. Kunun kanwa kuwa, wanda ake cika wa maijego kofi da shi don nono ya kawo, haɗarinsa a kanta yake. Tun a shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka danganta yawan gishirin kanwa da kwanciyar gadon wuta da ciwon zuciyar bayan haihuwa.

Shi yaron, kafin wata shida nono kaɗai ya ishe shi: ba ruwa, ba dauri, zuma kuwa sai ya shekara. A bar shi ya zuƙe nono ɗaya kafin a juya shi, a ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa, a goya shi a zaga tsakar gida. Idan uwa ta gaji har ranta ya fara ɓaci, kaka ko mijin ya karɓa, kada a girgiza jariri ko kaɗan, don hakan na iya zubar masa da jini a ƙwaƙwalwa. Amma in akwai zazzaɓi, koren amai, jini a kashi, ciki ya kumbura ya yi tauri, ko ya daina kama nono, wannan ya wuce zancen abin da uwa ta ci. A nufi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.