Hutunmu A Ƙasar Lesoto: Birnin Maseru Da Dutsen Dare

Mun yi shekara da shekaru muna koya wa ɗaliban kwalejin horon malamai labarin ƙasa. In muka zo kan taswirar Afirka ta Kudu sai mu ɗora tsinin sanda bisa wani ɗan ɗigo da ke cikin cikinta, mu ce, "Wannan ita ce Lesoto, babban birninta Maseru," mu wuce gaba. Ran nan wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yaya aka yi babbar ƙasa ta kewaye ƙarama ta ko'ina, amma ba ta haɗiye ta ba?" Muka ba shi amsa irin wadda malami ya kan bayar in an rutsa shi, muka ce ai tarihi ne ya kawo haka. Yaro ya zauna, amma mun ga alama bai ƙoshi ba, mu ma kuwa ba mu ƙoshi ba. Sabo da haka sa'ad da wani taron malamai ya kai mu Johannasbag cikin watan Disamba, aka tashi da sauran kwana biyar a hutunmu, sai mu uku muka yi shawara mu je mu gano wa idonmu, gama gani ya kori ji.

Tafiyar awa biyar ce ko fiye a mota. Iyakar ƙasar wani kogi ne wanda Turawa ke kira Kaledon, masu ƙasa kuwa, watau Basoto, suna ce da shi Mohokare. Da an buga wa mutum hatimi a fasfo ya haye gada, to, ya shiga Maseru ke nan, don garin a bakin iyaka ya ke zaune.

Lesoto ba ta kai Jihar Kaduna faɗi ba, mutanenta kuma miliyan 2 ne da 'yan kai, watau ba su kai mutanen birnin Kano ba. Amma wajen tudu ba ta da na biyu. Wurin da ya fi ko'ina kwari a ƙasar ya kai wajen ƙafa 4,600 bisa teku, ya ɗara garin Jos ke nan, dutsensu mafi tsawo kuwa ya haura ƙafa 11,400. Mun baro hunturu a gida, muka iske su tsakiyar damina, masara ta yi kore shar, hadari na haɗuwa kusan kowace la'asar. Sanyinsu sai Yuni da Yuli, lokacin da ƙanƙara ke rufe kawunan duwatsu fari fat.

Gaskiyar magana, Maseru kanta ba ta da abin kallo da yawa, yini guda ya ishe ta. Ingilishi ne suka kafa ta cikin 1869, barikin 'yan sanda ce tun asali. Babban titinta shi ne Kingsway, wanda aka shimfiɗa wa kwalta sabo da zuwan Sarkin Ingila Joji na 6 cikin 1947. A kansa bankuna da kantuna da ofisoshi su ke jere. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne wani gini mai rufin ciyawa da aka yi shi da siffar malfarsu mai tsini, wadda su ke kira mokorotlo. Cikinsa a ke sayar da kayan saƙa da na sassaƙa. Malfar nan har a tutar ƙasar an zana ta. Kuɗinsu loti, darajarsa ɗaya da rand na Afirka ta Kudu, kowanne ka miƙa a kasuwa an karɓa. Abincinsu papa, tuwon masara ne sak, sai dai babu miyar kuka, da ganye a ke ci. Musulmi kaɗan ne ƙwarai a ƙasar, don haka muka yi hattara da nama, muka riƙe tuwo da ganye da wake har muka fito.

Da a nan muka tsaya, da mun koma da malfa ɗaya ɗaya, ba amsar da za mu kai wa ɗalibinmu. Amsar tana bisa wani dutse mil 15 gabas da gari, sunansa Taba Bosiyu, ma'ana Dutsen Dare.

Wanda ya saba ganin Dala da Gwauron Dutse ba zai razana da tsawonsa ba, don bai fi ƙafa 350 ko haka ba daga gindi. Amma kansa shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, da faɗin da zai ɗauki gari da garkunan shanu, ga idanun ruwa a can bisa, gefensa kuwa duk ganuwa ce ta dutse a miƙe, sai 'yan hanyoyi ƙalilan masu ƙunci. Muka ɗauki ja-gora a gindin dutsen, wani dattijo lulluɓe da bargo. Aka koya mana mu ce masa Ntate, watau Baba, haka a ke girmama namiji a can. Muka bi hanyar da a ke kira Kubelu. Babban cikinmu, malamin tarihi, ya tsaya hutawa sau uku, kowane tsayi yana cewa kallon ƙasa ya ke yi.

Ga abin da ya faru a wurin. Cikin 1824, shekarar da Kyaftin Kilafaton ya iske Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, ƙasashen kudancin Afirka sun hargitse da yaƙe-yaƙe da yunwa. Wani ƙaramin sarki mai suna Moshweshwe ya kwashi jama'arsa daga Buta-Bute ya hau dutsen nan da su. Da dare suka iso, shi ya sa sunan. Aka kuma baza labari wai dutsen ya kan ƙara tsawo in duhu ya yi, abokan gaba suka gaskata. Duk wanda yaƙi ya tarwatsa ya zo, Moshweshwe ya karɓe shi, ya ba shi aron shanu ya riƙa shan nono, ya bar masa shugabansa. Daga tarkacen kabilu ya ƙulla al'umma guda.

Ntate ya ba mu labari biyu na halin sarkin nan, waɗanda kowane yaron Basoto ya sani. An ce a kan hanyar ƙaura waɗansu mutane da yunwa ta mai da su masu cin naman mutum suka kama kakansa, Peete, suka cinye. Da aka kamo su daga baya jama'a suka ce a kashe. Sarki ya ƙi, ya ce su ne kabarin kakansa, ba a kuwa tozarta kabari. Ya ba su shanu da gona don su bar wannan mugun abu. An ce kuma da mayaƙan Ndebele suka kawo hari cikin 1831 aka kore su da mirgino duwatsu, sai ya aika musu da shanu a baya, wai lalle yunwa ce ta kawo su, ga guzurin komawa gida. Ba su sāke dawowa ba.

Turawa ne suka fi wuya. Cikin Disamba 1852 Gwamnan Kef, Janar Katkat, ya zo da soja, aka gwabza a tudun Bereya, Ingilishi suka sha wuya fiye da yadda suka zata. Maimakon Moshweshwe ya yi kirari, a daren nan ya sa aka rubuta wa Gwamna takarda mai taushi, yana neman sulhu kamar shi aka ci. Gwamna ya sami hanyar janyewa ba tare da kunya ba, ya janye. Akawuna su lura da wannan: takarda guda da aka iya tsara ta ta yi aikin da dawaki dubu ba su gama ba. Sa'an nan sai ga Bowa, jikokin mutanen Holan masu neman ƙasar noma. Aka yi yaƙi cikin 1858, aka sāke cikin 1865. A hanyar nan ta Kubelu da muka hau aka harbe shugaban mayaƙansu, Wefena, cikin Agusta 1865, yana gab da kaiwa bisa. Dutsen bai ciwu ba, amma Bowa suka ƙone amfanin gona, suka kwashe shanu, suka mamaye filayen da ke ƙasa. Da sarki ya ga dutse ba ya ciyad da mutane, sai ya matsa wa Ingilishi da roƙo su karɓi ƙasar, suka karɓa ran 12 ga Maris 1868. Ya rasu cikin 1870.

Kabarinsa na nan bisa, tarin duwatsu ne da ɗan allo, kusa da kangon ɗakinsa na dutse. Sarakunan da suka gaje shi ma nan a ke kai su, har Moshweshwe na 2 wanda ya rasu cikin 1996, uban Sarki Letsiye na 3 mai ci yanzu. Daga gefen dutsen ana hangen wani tsauni mai tsini, Kilowane, wanda aka ce daga gare shi aka ɗauko siffar malfar nan.

A nan bisa gardama ta tashi tsakaninmu. Malamin tarihi ya ce shi bai ga abin yabo ba ga sarkin da ya kira Turawa da bakinsa ya miƙa musu ƙasa, alhali namu sarakunan sai da aka yi Kano da Sakkwato da Burmi cikin 1903. Mu kuwa muka ce, "Malam, a duba abin da ke gabansa." Zaɓinsa tsakanin Bature mai son sarauta ne da Bature mai son gona, wanda ya karɓi gona kuwa ba ya tashi. Kuma Basoto ba su miƙa wuya haka kawai ba. Da aka haɗa su da mulkin Kef cikin 1871, aka ce su ba da bindigoginsu, sai suka ƙi, aka yi Yaƙin Bindiga cikin 1880 da 1881, har Kef ta gaji ta sake su, suka koma ƙarƙashin Ingila kai tsaye cikin 1884. Wannan shi ya sa da aka haɗa Tarayyar Afirka ta Kudu cikin 1910 ba a sa su ciki ba, dokokin wariyar launin fata ba su hau kansu ba, suka sami mulkin kai ran 4 ga Oktoba 1966. A tsakanin nan ta hannun sarakuna aka mallake su, kamar yadda aka yi zamanin En'e a ƙasarmu, har da baitulmalinsu da aka buɗe cikin 1946. Malam bai sallama ba. Ya ce a tambayi wanda gonar kakansa ta koma hayin kogi. Ba mu da ta cewa a nan, sai tsawa ta raba mu, Ntate ya ce mu sauka maza, don aradu ba ta wasa a duwatsun nan. Muka isa gindi jiƙe sharkaf.

Kashegari muka nufi Morija, wajen mil 27 kudu da Maseru, wurin da ya kamata kowane malami ya gani. Cikin 1833 waɗansu 'yan mishan uku daga Faransa suka zo bisa gayyatar Moshweshwe, ya zaunad da su nan. Ɗayansu, Kasalis, ya zama kamar magatakardansa wajen sha'ani da Turawa, ko da ya ke har sarkin ya rasu ba a yi masa baftisma ba. Su suka fara rubuta harshen Sesoto. Suka kafa maɗaba'a, jaridarsu ta harshen ƙasa, Leselinyana, ta fara fita cikin 1863, watau shekara 76 kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo. Makarantar horon malamai kuwa tun 1868. Akwai gidan ajiye kayan tarihi da tsofaffin takardu, a dutsen bayan gari kuma ana nuna sawun waɗansu manyan dabbobi masu kama da ƙadangare da suka ƙare tun kafin zuwan ɗan Adam. Mun hau, mun gani, sawu ne mai yatsa uku. Wani abin da ya ba mu dariya, hannun Faransawan nan bai fita daga rubutunsu ba har yau. Suna rubuta Moshoeshoe su karanta Moshweshwe, gaisuwarsu kuma a rubuce lumela ce, a baki dumela. Muka tuna mu ma an yi zamanin da a ke rubuta mana chikin da wochan.

A hanyar komowa muka ga abin da ya fi tsaya mana a rai. Ko'ina a gangaren duwatsu ga yara maza lulluɓe da barguna, da takalman roba da sanda, suna kiwon tumaki da shanu, waɗansu bisa 'yan gajerun dawakan nan nasu masu iya hawan dutse. Aka shaida mana a Lesoto mata sun fi maza iya karatu, gama yarinya ta kan tafi makaranta, yaro ya tafi kiwo, in ya girma ya bi ubansa neman aiki Afirka ta Kudu, inda dā ramukan zinariya ke ɗaukarsu dubu dubai. Mu da muka tsufa muna lallashin iyaye su bar 'ya mace ta gama aji shida, sai muka ga abin kamar an juya mana riga. Gwamnatinsu ta fara ba da ilmin firamare kyauta cikin 2000, akwai kuma makarantun dare na makiyaya a waɗansu wurare, inda yaro ke zuwa bayan ya shigad da dabbobi. Masu kula da makarantun 'ya'yan Fulani a wajenmu za su sami abin dubawa a nan. Muka ga kuma yadda zaizaya ta tsattsage gonaki da manyan kwazazzabai, gama mutane da dabbobi sun taru a ɗan filin da ya rage musu, abin nomawa bai fi kashi ɗaya cikin goma na ƙasar ba.

Da aka koma makaranta muka kira ɗalibin nan gaban aji, muka zana dutsen a allo, muka ba shi labari tun daga 1824 har 1966. Ya saurara sarai, sa'an nan ya sāke ɗaga hannu ya ce, "To, Malam, filayen da Bowa suka ƙwace fa, an mayar musu?" Muka ce a'a. Iyakar da aka shata cikin 1869 ita ce har yanzu, gonakin alkama da masara da muka ratsa kafin mu kai gada duk cikinsu ne. Cikin 2023 wani wakili ya kawo maganar a majalisar Lesoto, aka yi muhawara, amma iyaka ba ta gusa ba. Yaro ya rubuta wannan a littafinsa, ya tambayi yadda a ke rubuta Mohokare.