Jirgin Kwal na Kano: A Nemo Tsofaffin Loko Tun Suna Raye

Duk motar da ta tashi daga tashar Unguwa Uku ta nufi Zariya ko Kaduna, aikin da jirgin ƙasa ya yi wa Kano shekaru da dama take yi. A 1911, zamanin Sarki Abbas, digar da aka faro daga Baro a bakin Kwara ta iso Kano, shekara guda bayan haka aka haɗe ta da ta Ikko. Kan jirgin da ya jawo taragun farko da wuta da ruwa yake tafiya, kuma irinsa ne ya kwashe dalar gyaɗa zuwa bakin teku, ya kai fatake Nguru bayan an kammala wannan reshe a 1930. Yau yaron da aka haifa a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni bai taɓa jin kukansa ba.

Ina ganin ya kamata Kano ta tayar da guda ɗaya, ta mayar da shi kan diga domin yawon buɗe ido. Abin da ya fi damuna a wannan batu mutane ne, domin ƙarfe yana iya jira.

Kan jirgin kwal ba ya da wani sirri mai zurfi. Ana hura wuta a murhu, zafinta ya bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa tukunyar ruwa, ruwan ya zama tururi, tururin ya tura fistin, sanduna su juya ƙafafu. Wahalar gyaransa tana cikin tukunyar nan. Idan ta shekara talatin ko arba'in a ajiye, tsatsa kan cinye bututan, bangon murhu ya yi siriri. Dole a zare su ɗaya bayan ɗaya, a auna kaurin ƙarfen, a cika tukunyar da ruwa a matsa shi fiye da yadda za ta ɗauka a bakin aiki, sannan a yarda a kusantar da ashana. Tukunyar da aka yi wa ha'inci bam ce. Littafi zai gaya maka awo, amma sanin inda za a jefa shebur ɗin kwal a lokacin hawa, ko gane ciwon inji daga sautin numfashinsa, wannan a hannu da kunnen waɗanda suka yi aikin yake. Dizal ya fara shigowa Najeriya tun wajen 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa, ya yi ta ture kwal sannu a hankali. Wanda ya yi faya-man yana saurayi a ƙarshen wancan zamani, yanzu ya ba saba'in baya.

Ƙasar Eritiriya ta fi mu talauci, ga shi ta fito daga yaƙin shekara 30, amma da ta tashi farfaɗo da layin Massawa zuwa Asmara, tsofaffin ma'aikatanta da suka yi ritaya ta kirawo. Su suka tayar da injinan da Italiya ta ƙera kafin yaƙin duniya na biyu, layin ya kai Asmara a 2003, masu sha'awa suka riƙa zuwa daga Turai suna biyan kuɗi domin su hau. A Kenya ma an fito da ƙaton injin nan mai lamba 5918 daga gidan tarihin reluwe na Nairobi, aka sake hura masa wuta a 2001. Ba na kawo misalin Flying Scotsman na Ingila, wanda gyaransa ya ci fam miliyan 4 da ɗoriya. Wannan hidimar masu hannu da shuni ce.

Mu ma muna da abin farawa. A 1948 kamfanin Vulcan Foundry ya ƙero wa Najeriya jerin injina da aka raɗa wa sunayen kogunan ƙasar nan. Gidan tarihi na Jos yana ajiye da kayan ƙaramin layin Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957, ƙungiyar Legacy 1995 kuma ta gyara Gidan Jaekel a Ebute Metta ta mayar da shi ɗakin tarihin reluwe. Faɗin tsohuwar digarmu, ƙafa 3 da inci 6, ɗaya yake da na Afirka ta Kudu da Zimbabuwe, inda har yanzu akwai masu tafiyar da irin waɗannan injina, saboda haka kayan gyara da gwanaye ba su gagara ba. Kwal kuwa yana nan a Inugu.

Za a ce mini ana shimfiɗa sabuwar diga zuwa Kaduna da Maraɗi, me za a yi da tsohon yayi? Sabuwar ta fi faɗi, jirgin kwal ba zai hau ta ba, kuma da zarar ta fara aiki tsohuwar za ta zama marainiya, ɓarayin ƙarfe su ƙarasa ta. Yawon shaƙatawa zai ba wani yanki nata dalilin zama. Baƙin da ke zuwa hawan Sallah, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2024, za su so tafiyar yini zuwa Challawa ko Madobi, haka ma 'yan makaranta.

Matakin farko ba ya bukatar biliyoyi. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta haɗa kai da ƙungiyar 'yan fanshon reluwe, a rubuta sunayen direbobi da faya-man da maƙeran loko da suka rage a Kano da Zariya, a naɗi bayaninsu, a haɗa kowannensu da ɗaliban injiniya biyu daga Jami'ar Bayero. Daga nan a tafi da su Ebute Metta da Inugu su duba abin da ya saura, su nuna tukunyar da za ta iya ɗaukar wuta.