Adon Bayan Hoto: Aikin da Masu Ɗab'i na Mubi Suke Bayarwa Gyara

MUBI, Jihar Adamawa. Duk katin ɗaurin aure, ko kalandar biki, ko fostar ɗan takara da ta fito daga shagunan ɗab'i na Mubi, akwai wani aiki a jikinta wanda da wuya mai saye ya biya kuɗinsa, wato zanen adon da ake shimfiɗawa a bayan hoto da rubutu. Ciniki yakan tsaya ne a kan takarda da tawada da yawan kwafi. Zane kuwa gyara ne, irin wanda mai gyaɗa yake ɗora wa mudu.

A da, wannan ado jari ne. Mai ɗaukar hoto sai ya sayi labule, ko ya biya mai fenti ya zana masa bango. Seydou Keita na Bamako, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a 1948, yana daga cikin abin da ya fito da shi duniya irin zannuwan da yake ratayawa a bayan mutane.

Kwamfuta ce ta sauya lissafin. CorelDRAW ta fito a 1989, Photoshop a 1990, kuma daga 1994 Photoshop ta ba mai zane damar jera aikinsa hawa-hawa, ya taɓa ɗaya ba tare da ya ɓata sauran ba. Yadda ake yin adon ba shi da nisa da saƙar tabarma: mai zane yakan tsara ɗan ƙaramin murabba'i, ya gusar da shi har gefunansa su haɗu a tsakiya, ya gyara mahaɗar yadda ido ba zai gan ta ba, sannan ya sa na'ura ta maimaita shi har ya cika shafi. Inda gwani yake bambanta da ɗan koyo shi ne wajen launi, domin allon kwamfuta da haske iri 3 yake haɗa launi, injin ɗab'i kuwa da tawada iri 4. Wanda bai san wannan ba, shuɗinsa mai sheƙi zai fito a dushe, asarar takarda kuma a wuyansa take.

Kasuwar aikin tana nan. Mubi tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002, ga babbar kasuwar shanu, ga fatake daga Kamaru. Sai dai an matse mai shago ta fuska biyu. Tun 2013 kamfanin Adobe ya daina sayar da sabuwar Photoshop a biya sau ɗaya, ya koma karɓar kuɗin haya. A 2023 aka janye tallafin man fetur, aka saki darajar naira, har dala ta haura ₦1,500 a 2024. Janareta da tawada da takarda duk suka bi ta. A ɗaya ɓangaren kuma, Canva, wadda ita ma ta fito a 2013, ta zuba dubban shiryayyun zane kyauta a wayar kowa, ga kuma manhajojin da ke ƙera ado daga umarnin jimla guda. Kaya sun yi tsada, gwaninta ta yi araha.

Abin da ya yi ƙaranci a waɗannan rumbunan zane na ƙetare shi ne adon gida: dagi, da aska takwas ta babbar riga, da ɗinkin hular zanna, da sassaƙar ƙwaryar Fulani. A nan ne mai zane na Mubi yake da abin da zai sa wa farashi dabam a takardar ciniki, in ya yarda ya raba kuɗin zane da kuɗin bugu.

Sai dai zanen da ya karɓu ba ya kwana ba a kwafe shi ba. Masaƙun Kaduna sun ɗanɗana wannan daga atamfofin da aka kwaikwayo a Sin aka shigo da su da araha, kafin babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007. Dokar mallakar ƙirƙira da zanen masana'antu ta 1970 ta ba da damar yi wa sabon zane rajista na shekara 5, a sabunta sau 2, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya da ke Abuja.